Kafin ka tada jirgin nan, dubi inda kake tsaye

Ƙannena masu sha'awar jirgin rimot, musamman irin mai saukar ungulu, ku ba ni aron kunnenku. Sha'awarku ba laifi ba ce, yaron da ya iya kwance inji ya ɗaura yau, ana sa masa ran alheri gobe. Abin da ke damuna shi ne inda kuke tada shi: tsakar gida, bakin layi, gaban shago, har wurin biki ana tsaka da hidima.

Manyan jiragen nan, faɗin farfelarsu ya kai mita ɗaya da rabi, tana juyawa wajen sau 2,000 a minti ɗaya, bakinta na gudun da ya haura kilomita 400 a awa. Takobi ne ke shawagi a saman mutane. A watan Satumba na 2013, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, wani saurayi ɗan shekara 19 jirginsa ya sare shi a ka, nan take rai ya yi halinsa. Gwani ne, kuma a filin da masu wannan wasa suka saba taruwa abin ya faru. To ina ga ɗan koyo a cikin lungu? Ko ƙaramin na roba da ake sayarwa a kasuwa ya isa ya tsiyayar da idon yaro.

Yaran nan su ne babbar damuwata. A garuruwanmu, da jirgi ya yi ƙara, kafin ka ƙifta ido sun kewaye ka, wasu da ƙanne goye a baya. In ya faɗi, tsere za su yi a kan wa zai fara ɗauka, alhali farfela ba ta gama tsayawa ba. Idonka yana sama, ba ka ganinsu. Don haka kada ka fita kai kaɗai. Ka tafi da wanda aikinsa kawai tsare yara a bayanka, ka ja layi a ƙasa, in wani ya tsallaka, ka sauke jirgin. Wallahi ba burgewar da ta kai a ce ɗan maƙwabcinka ya rasa ido ta dalilinka.

Filin da ya dace shi ne wanda ko jirgin ya ƙwace maka, ƙasa kawai zai tarar. Filin ƙwallo lokacin da ba kowa, ko gona a bayan gari bayan an kwashe amfani, da izinin mai ita. Ka nisanci wayoyin wuta, da turakun sadarwa, da titi, da garken shanu, domin dabba in ta firgita ba a san inda za ta nufa ba. Rana ta kasance a bayanka. In iskar hunturu ta taso, haƙura. Kuma ka lura da busasshiyar ciyawa, batirin jiragen nan in ya fashe wuta yake kamawa.

Sai kuma wuraren da ko kusa ba a zuwa. A Disambar 2018, rahoton ganin jirage marasa matuƙi ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick a Ingila, tafiya wajen 1,000 ta rushe. Filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, unguwanni sun kewaye shi, mai tada jirgi daga saman bene a can yana wasa ne da rayukan fasinja. Haka barikin soja, gidan yari da gidan gwamnati. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta hana tada jirgi marar matuƙi a Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A halin da Arewa ke ciki, sojan da ya ga abu na shawagi a kansa ba zai tsaya tambayar ko na wasa ne ba, kuma mai rimot a hannu shi za a fara nema.