Kuɗi a aljihu, kaya a kan teku

Har yau ana musu kan abin da ya jawo tsadar da ta biyo bayan korona, wasu su ce kulle ne wasu su ce kuɗin da gwamnatoci suka yi ta rabawa ne. Ni dai kullen farko ban ga laifinsa ba. A Maris 2020 babu rigakafi, asibitocin arewacin Italiya sun cika maƙil, to me kake so shugaba ya yi? Sai dai rufe masana'anta ba kamar kashe fitila ba ne da za ka danna ta dawo. Kamfanonin mota suka soke odar ƴan mitsi-mitsin na'urorin lantarkin da ake sa wa mota, masu ƙera su suka koma wa masu waya da kwamfuta, da kasuwa ta farfaɗo sai ga sababbin motoci jere a fili suna jiran abin da bai kai farce girma ba.

Inda nake da ja shi ne tallafi. Na farko da Amurka ta fitar, dala tiriliyan 2.2 da cakin dala 1,200, wannan ceto ne, ka ce wa mutum zauna a gida dole ka ciyar da shi. Amma na Maris 2021 fa? An riga an fara allura, tattalin arziki ya fara miƙewa, Biden ya ƙara tiriliyan 1.9 da cakin 1,400, mutane kuma ba yawan tafiye-tafiye ba silima sai oda ta intanet, talabijin ne kujeru ne keken motsa jiki ne, har a Janairun 2022 jiragen kaya sama da 100 suka yi layi suna jiran shiga tashoshin Los Angeles da Long Beach. Dala ai ba ta sauke kwantena. Larry Summers, tsohon sakataren baitulmalin Amurka, ɗan jam'iyyarsu Biden ne ma, ya yi gargaɗi tun Fabrairun 2021 cewa kuɗin nan zai iya jawo tsada aka yi kunnen uwar shegu da shi.

Na san za a ce yaƙin Yukren. E, ya ƙara wa wutar fetur, amma hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 7 tun Disamban 2021 kafin a harba ko harsashi ɗaya, ta je 9.1 a Yunin 2022. Da babban bankinsu ya tashi gyara sai ya yi ta ƙara kuɗin ruwa, dala ta yi tsada, ƙasashen da ake bi bashi da dala, waɗanda ko sisi ba su gani ba a cakin nan, su ma suka shiga biya.