Alhaji Ya Sake Dawowa

An idar da isha'i, teburin shayin Ɗan'azumi a Tudun Wadan Kaduna ya cika. Talabijin na rataye a bango, an ɗaure shi da sarƙa saboda masu dogon hannu, kuma yanzu aka gama haska kashin wannan makon na shirin nan mai dogon zango da unguwar ta daɗe tana bi. Ba sai na kama suna ba, kowane gida da nasa. A kan benci akwai Baba Ɗanfansho, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, da Ticha, Bazazzagi mai biro uku a aljihu, da Ɗanliti mai Keke. Alhaji Bakano mai shagon yadi a Kasuwar Gumi ya ba talabijin baya, wai haske na damun idonsa. Iya mai ƙosai tana gefe da kaskonta, amma kunnenta na kan bencin.

BABA: Ɗan'azumi, kashe abin nan.

MAI SHAYI: Baba, ai ya ƙare.

BABA: Ya ƙare? Yaushe ya fara?

TICHA: Ni na riƙe agogo, Baba. Minti 52 ne duka. Tuna mana abin da ya faru a baya ya ci 11. Waƙar buɗewa 4. Talla 14. Sai mota ta zo ƙofar gida ta yi hon, maigadi ya tashi, ya nemi takalminsa, ya buɗe rabin get, ya zagaya ya buɗe ɗaya rabin. Minti 3 ke nan, kuma sau uku aka yi. Gaisuwa ta ci 8, har da ya jikin kakar maƙwabta.

ƊANLITI: Sauran fa?

TICHA: Sauran minti 6, Hajiya Babba ta yi su tana kallon ambulan ɗin wasiyya, ana ta kiɗa.

IYA: Ta buɗe?

TICHA: Tana kai hannu aka rubuta mu haɗu mako mai zuwa.

IYA: Oh ni 'yasu! Tun azumin bara matar nan take kai wa ambulan ɗin nan hannu.

BAKANO: Ai shi ne gwaninta. A bar mai kallo da ƙishirwa.

IYA: Alhaji, ni ba ambulan ne ya ƙona mini rai ba, mai gidan ne. A zango na uku ya mutu a gabana. Na yi kuka har ƙosai ya ƙone a kasko. Washegari na raba wa almajirai na sadaka, Allah ya kai haske kabarinsa. Zango na biyar sai ga mutum ya shigo da jaka mai taya, wai yana Dubai.

BAKANO: Ai an yi bayani, Iya. Ba shi aka binne ba, direbansa ne.

ƊANLITI: Direban da muka gani yana zuba ƙasa a kabarin?

BAKANO: Wannan ƙanin direban ne. Kama suke yi.

BABA: To ji nan. Alhajin da ya mutu dogo ne, fari, mai saje. Wanda ya dawo gajere ne mai tumbi.

BAKANO: Hatsari ya yi, aka yi masa aikin fuska a Indiya.

BABA: Fuska na yarda. Tsawon fa? Likitan ne ya yanke ya ajiye?

TICHA: Ku Kanawa, ko labari aka ba ku sai kun auna shi da yadi kun ja shi ya ƙara tsawo.

BAKANO: Bazazzagi, rufa mana baki, iyayen gidanka na magana. Mu dai mun shirya ana kallo. Ku me kuka shirya?

Nan fa ya taɓo wa Baba inda yake masa ƙaiƙayi. Tsohon ya ajiye kofi, ya gyara hula, duk wanda ya san shi ya san an shiga tarihi ke nan.

BABA: A Kaduna kake wannan tambayar? A garin nan aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, zamanin Sardauna. Daga nan hoto ya fara zuwa muku. Ka san Usman Baba Pategi, Samanja? Ka san Ƙasimu Yero? Allah ya jiƙansu da rahama. Mu tashi daga masaƙa, mu tako har gidan mai akwati baƙi da fari, yara a ƙasa, manya a tabarma, wasu ta taga. Rabin awa, an ɗaura rigima, an warware, ka yi dariya har haƙarƙari ya yi ciwo, ka tafi gida da abin faɗa wa iyali. Ba wanda ya mutu ya dawo.

ƊANLITI: Baba, Allah ya ja da rai, lokacin nan fa tasha ɗaya ce. Ko hoton agogo aka sa muku, zama za ku yi ku kalla.

BABA: Kai, wa ya sa da kai?

Yaron yana da 'yar gaskiyarsa, amma ba a ba yaro gaskiya a teburin shayi.

BAKANO: Ku tsaya in faɗa muku abin da ba ku sani ba, tunda ku kallo kawai kuka iya. Da, fim kaset ne, daga baya faifai. Furodusa ya gama, ya kai Ƙofar Wambai, diloli su saya, kuɗinsa ya fito. Masu kwafi suka zo, masu tura fim a waya suka ƙarasa kasuwar. Yanzu ina kuɗin yake? Tashoshin tauraron ɗan'adam da YouTube. Shi kuma YouTube ba ruwansa da daɗin labari, talla yake ƙirgawa. Bidiyo in ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, in ya yi tsawo a cusa da yawa. Kuma kallon mutum ɗaya daga Ingila ya fi na cikin Keken Ɗanliti kawo kuɗi.

ƊANLITI: A'a, me Kekena ya yi?

BAKANO: Ga man janareto, tun da aka cire tallafi a 2023 kun san yadda ake. Ga hayar gidan da ake ɗauka a ciki, ga abincin 'yan lokeshan. Jarumi ya ga ya yi suna, ya ce a ƙara masa kuɗi. Furodusa ya kira marubuci ya ce kashe shi. Masu kallo su yi ca, a ce dawo da shi. Shi kuma ya riga ya tafi wani shirin, sai a nemo mai tumbi. In aka rufe labari yau, mutum nawa za su kwana da yunwa?

TICHA: Wato marubucin ma bai san abin da ke cikin ambulan ɗin ba.

BAKANO: In lokaci ya yi zai sani.

BABA: Ɗan'azumi ya fi kowa gane wannan sana'ar. Ganyen shayin da ya tsoma mini yau, shi ya tsoma wa Ticha jiya. Launi na nan, ɗanɗano ya tafi, kuɗi kuma bai ragu ba.

MAI SHAYI: Haba Baba, sharri ne wannan. Na jiya na Ɗanliti ne.

IYA: Ku bar ta shayi, ku zo ga amaryar nan. Ranar da ta fara amai a shirin, ranar aka kawo lefen Hadizata. Hadiza ta tare, ta haihu, an yi suna, yaron ya yi haƙora, jiya ya kira ni Iya. Ita amarya har yau tana riƙe da ƙugu tana cewa wata bakwai.

TICHA: Sannan ta manta kowa sau uku. Duk lokacin da labari ya cije, sai a buga mata kai da ƙofa.

ƊANLITI: Ni abin da ya fi ci mini rai na makon jiya ne. Uwar marainiya na kan gadon asibiti, numfashi sama-sama, 'yarta na kuka. Na faka Keke a gefen gadar Kawo, fasinja na zagina, na ce su yi haƙuri ana mutuwa. Tsohuwa ta buɗe baki da ƙyar ta ce, 'yata, in na tafi, ki riƙe sallah, kuma atamfar bikinki kar ki saya ko'ina sai wurin masu lambar nan. Lamba ta fito a ƙasan allo tana walƙiya. Da datata fa! Datar da aka ƙara wa kuɗi a 2025!

TICHA: Na rubuta lambar. Na yi niyyar in kira su in wanke su tas.

BAKANO: Ba sai ka kira ba, Ticha. Ɓarnar kati ce.

BABA: A watan Mayun 2025 da na ji hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, na ce alhamdulillahi, hutu ya zo. Na sa jikana ya karanta mini jerin sau biyu. Namu ba ya ciki.

TICHA: To ni ina da shawara. Mu ƙaurace. Daga yau ba mai sake kallo a teburin nan. In rubuta?

IYA: Rubuta.

ƊANLITI: Rubuta da jan biro.

MAI SHAYI: Ku dakata, jama'a. Daren shirin nan nake sayar da kiret biyu na ƙwai. Ku zage shi iya son ranku, amma a nan za ku zauna ku zage shi.

TICHA: An yi watsi da ƙorafin mai shayi. Sai dai akwai matsala guda. In mun ƙaurace, ta yaya za mu san ko sun gyara?

BABA: Sai a naɗa mutum ɗaya ya riƙa sa ido, yana kawo rahoto. Ni zan ɗauki wannan wahalar. Wanda ya iya jiran kuɗin sallamar masaƙa shekara da shekaru, ambulan ba zai gagare shi ba.

IYA: Baba, idonka ba ya gani sosai. Ni zan taya ka, don in ga ranar da yarinyar nan za ta sauka.

ƊANLITI: Ni ne mai kai rahoto Rigasa da Kawo, dole in gani da idona.

TICHA: Sakatare kuma ba ya rubuta abin da bai shaida ba.

Aka duba takarda. Masu ƙauracewa mutum huɗu, masu sa ido mutum huɗu, sunayen kuma iri ɗaya. Ɗan'azumi ya yi hamdala a ɓoye, ya ƙara ruwa a tukunya.

BAKANO: Kun gani? Shiri mai kyau ba ya barin mutum. Ni dai jira nake a ɗaura auren marainiya da likitan nan.

Wurin ya yi tsit.

IYA: Wane likita?

BAKANO: Likitan mana, mai gilashi.

ƊANLITI: Alhaji, likita ya faɗa rijiya tun zango na huɗu.

BAKANO: To... ai zai dawo.

TICHA: Tsaya. Alhaji, yaushe rabonka da kallon shirin nan?

BAKANO: Yaron shagona yana ba ni labari.

TICHA: Bari dai in kira masu atamfar nan, raina ya ɓaci.

Ticha ya ciro takarda, ya danna lamba ɗaya bayan ɗaya, ya kara a kunne. Sai aljihun babbar rigar Alhaji ya ɗauki ƙara. Alhaji ya dafe aljihu, ya yi tari, ya dubi sama. Wayar ba ta fasa ba.

IYA: Ɗauka mana, Alhaji. Wataƙila marainiya ce za ta yi sayayyar biki.

BAKANO: Shagon yayana ne a Kantin Kwari. Ni reshen Kaduna kawai nake riƙewa.

BABA: Wato kai ka sa tsohuwa ta yi talla a bakin mutuwa.

BAKANO: Ni cewa na yi a sa a wurin da mutane ba sa tashi.

TICHA: Baba, a yanke masa hukunci.

BABA: Hukunci mai sauƙi ne. Zai zauna a bencin nan, fuskarsa na duban akwati, ya kalla tun daga zango na huɗu har zuwa na yau. Ba tsallakewa, ba danna waya, ba fita fitsari lokacin talla.

BAKANO: Baba, ka dubi girman Allah. Ina da hawan jini. A mayar da shi tara. Shayi mai madara ga kowa, da ƙwai bibbiyu.

IYA: Da kuɗin ƙosan da na yi sadaka.

BAKANO: Iya, ai ladan na nan, ya tafi ga direba.

ƊANLITI: Da datata.

BAKANO: To a raba. Zango ɗaya, da shayi ba madara.

BABA: Albarka.