Wanda ya yi barci a Abuja, ya farka a gidan rediyo

Akwai wani bawan Allah da tun ranar da ƙuri'a ta sauke shi daga kujera ya mayar da sayen fili a rediyo sana'a. Ba zan kama suna ba, kuma don Allah kada wani ya kama mini a ƙasan rubutun nan. Sabon karatun da ya zo da shi shi ne wai wakilinmu na yanzu a Majalisar Wakilai ɗan majalisar masu jirgi ne: talakan da kuɗin mota ke gagara, ina ruwansa da tsaron filin jirgin sama? Yaransa suka tafa.

To, tunda an yi tambaya. Ranar 26 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka kutsa filin jirgin saman Kaduna suka kashe mai gadin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya. Ba attajiri suka kashe ba, ɗan albashi ne mai iyali. Kwana biyu bayan haka aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe mutane, aka kwashe fasinjoji zuwa daji, na ƙarshensu sai a Oktoba suka dawo gida. Kamfanonin jirage suka janye daga Kaduna, mai tasi da ɗan dako da mai sayar da kilishi a bakin filin suka koma zaman jiran tsammani. Tsohuwar da ta yi shekaru tana adashin kujerar Makka ma, ta filin Malam Aminu Kano ko na Sakkwato ko na Katsina take tashi, ba ta tashar mota ba. A waccan shekarar wa ke kan kujerarmu? Mutumin nan ne dai. A shekarar aka sa hannu a sabuwar dokar sufurin jiragen sama, ta wuce ta gabansa. A nemo kundin zaman majalisa a nuna mana layi ɗaya da ya furta, ko da na jaje ne.

Katangar filin jirgi da motar sintiri da na'urar binciken kaya ba sa faɗowa daga sama. A ɗakin kwamiti ake zaunar da shugabannin FAAN, hukumar filayen jiragen sama, da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, a tambaye su kuɗin bara ina ya shiga, kashi 5 cikin 100 da ake cira a kan kowane tikiti me aka yi da shi. Sashe na 88 na tsarin mulki ne ya ba majalisa wannan ikon. Aiki ne na zama da takardu, ba maroƙi, ba mai hoto, shi ya sa wasu ba su taɓa sanin a hawa na nawa ɗakin yake ba.

Na tsoffin soja kuwa, a nan mutumin ya fi gwaninta. Duk 15 ga Janairu za ka gan shi da 'yar alamar nan a ƙirjin babbar riga, fuska a murtuke, ana sakin tattabarai. Ranar 16 ya manta. A Janairun 2025 tsoffin sojoji suka toshe ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Dattawa ne da shekarunsu, ajin mutanen da suka je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Yammacin Afirka, da waɗanda suka kwana a dajin Sambisa. Abin da tsohon soja ke so a wurin ɗan majalisa ba buhun shinkafa ba ne. Wanda zai bi masa fayil a Hukumar Fanshon Soja yake nema, wanda zai tsaya wa matar mamaci idan an ce takardar magaji ba ta cika ba. A ofishin mazaɓa na yanzu akwai yaron da aikinsa ke nan, kuma na ga dattawa suna layi a wurinsa. Ban ce an biya kowa ba, da sauran aiki. Amma a zamanin wani, ofishin mazaɓar awaki ne ke kwana a barandarsa.

Sai batun haraji, inda abin ya fi ba ni dariya. Mutumin yana bugun ƙirji wai hayaniyarsa ce ta ceci Arewa. Bari mu tuna yadda aka yi. A Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurori huɗu na gyaran haraji. A ƙarshen watan gwamnonin Arewa suka zauna a Kaduna da sarakuna suka ce ba su yarda da tsarin rabon VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan cinikin kaya da hidima, da ke ciki ba. Ƙudurin ya nemi a ɗaga VAT daga kashi 7.5 zuwa 10, a ci gaba da hawa har 15 a 2030, sannan kashi 60 na rabon jihohi ya koma inda kuɗin ya fito. Tambayar da ta tayar da hankali ita ce: ina ne inda kuɗin ya fito? Katin wayar da aka saya a Kano, kamfanin da hedikwatarsa ke Legas ne ke biyan harajinsa. Idan aka bi hedikwata, Kano ta yi asara. Idan aka bi inda aka yi cinikin, lissafi ya sauya. A kan wannan gaɓar aka yi ta fafatawa, a sauraron ra'ayin jama'a na Fabrairun 2025 da zaman kwamiti sashe bayan sashe. Da aka sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, VAT ta tsaya a 7.5. Kason tarayya ya sauka daga 15 zuwa 10, na jihohi ya hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suka riƙe 35 ɗinsu. Tsakanin jihohi kuma rabi daidai-wa-daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara aka ɗauke masa harajin albashi.

Ni kaina akwai wuraren da dokar ba ta kwanta mini ba, kuma ban ce namu shi kaɗai ya yi ba. Mutum 360 ne a zauren. Amma shi ya karanta ƙudurin, ya zo gari ya tara 'yan kasuwa da malamai ya bi da su dalla-dalla, har da masu fargabar a taɓa gado. Wancan kuwa, da aka tambaye shi a wani ɗaurin aure wane sashe ne ya fi damunsa, cewa ya yi dukkansu. Ƙudurori huɗu, ko sunan biyu bai iya kawowa ba. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ba a taɓa ganin dare ya sayi fili a rediyo ba.

Yanzu kuma ya zama jarumin 'yancin ƙananan hukumomi. Ikon Allah! Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Jama'a, kafin wani ya tafi Abuja, da wace riga aka fara saninsa a garin nan? Ba kantoma aka naɗa shi ba? Ba shi ne ke zuwa babban birnin jiha ƙarshen wata ya sa hannu cewa ya karɓi kuɗin da ko ƙirga su bai yi ba, ya dawo da na albashi da na man janareta? Kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, amma asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada shi ne ramin da kuɗin ke faɗawa. Hukuncin kotu bai goge sashen daga takarda ba. Goge shi sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 sun amince. Idan da gaske yake, abokansa sun cika majalisar jiha, ga wayarsa a hannu. Sai dai ya san wanda zai ɓata wa rai, kuma yana neman tikiti.

Abin da yake auna ɗan majalisa da shi dai bai wuce atamfa da taliya da babura ba, kuma ko a wannan ma'aunin ina ba shi shawara ya rage murya. A 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an ware naira tiriliyan ɗaya ga ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba a ga tasirinsu ba, kuma tun shekarar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke bin ayyukan nan ɗaya bayan ɗaya. Ranka ya daɗe, rijiyar burtsatsen bayan kasuwa tana nan. Allon da ke ɗauke da hotonka ya sha sabon fenti ana gab da zaɓe, famfon kuwa ko ranar buɗe shi da tanka aka kawo ruwan da aka yi hoto da shi. Sunan ɗan kwangilar yana jikin allon, kuma duk garin nan an san ƙanwar wa yake aure.