Ba rashin tsoro ne ya gina dogayen benayen New York ba

Duk wanda ya ga hoton nan na 1932, na ma'aikata 11 da ke zaune kan ƙarfe a hawa na 69 na ginin Rockefeller suna cin abincin rana, ƙafafunsu na reto a sarari, abin da yake fara cewa shi ne waɗannan ba su san tsoro ba. Ni wannan yabon bai kwanta mini ba. Hoton ma don tallar ginin aka shirya shi, ko da yake mutanen ma'aikata ne na gaske.

Gwaninta da tsari ne suka ɗaga Empire State, mai hawa 102, cikin kwana 410, aka buɗe shi ranar 1 ga Mayu 1931. Kowane ƙarfe da lambarsa yake zuwa, an san gurbinsa tun kafin a sauke shi daga mota. Sai masu haɗa shi, waɗanda ke aiki huɗu-huɗu. Na farko yana gasa ƙusa a kan garwashi har ta yi jawur, ya ɗauko ta da awartaki ya wurga. Na biyu ya cafke ta da gwangwani, ya zura a rami tun ba ta huce ba. Na uku ya tokare ta, na huɗu ya daddage bakinta da guduma mai aiki da iska. Duk wannan can sama a kan ƙarafa da katakai, kuma babu igiyar tsaro. Idan mai wurgawa ya kuskure, wuta ce za ta sauka a kan wani.

Da yawa daga cikinsu baƙi ne daga Turai da ke neman abin sakawa a bakin salati, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe bayan 1929. Wanda ya bar yara da yunwa a gida ba ya tsayawa ciniki kan igiya.

'Yan ƙabilar Mohawk na Kahnawake, kusa da Montreal a Kanada, waɗanda su ma suka yi aikin ƙarfe a benayen New York, su aka fi laƙaba wa tatsuniyar rashin tsoro, wai jininsu ne bai san jiri ba. Alhali koyon sana'ar suka yi, tun daga aikin wata gadar jirgin ƙasa a kan kogin St. Lawrence a 1886, uba ya koya wa ɗa. Tatsuniyar kuwa ta yi wa masu kwangila daɗi, don wanda aka ce ba ya faɗuwa ba a kashe kuɗi wajen kare shi.

Sun faɗi kuwa. Ranar 29 ga Agusta 1907 gadar Quebec ta rufta ana tsakiyar gina ta, saboda kuskuren lissafin injiniyoyi. Mutum 75 suka mutu, 33 daga cikinsu 'yan Kahnawake ne. Bayan nan matan garin suka kafa sharaɗi: kada mazansu su sake taruwa da yawa a wurin aiki guda.