Sunan Da Aka Sassaƙa A Jikin Dutse

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa.

Kwana tara ke nan da dawowata Gombe daga Masar, inda na raka kawuna aikin ido a Alƙahira, kuma har yanzu akwai abin da ya tokare mini a ƙirji, wanda na ga ba zan sami natsuwa ba sai na faɗe shi. Bayan likita ya sallame mu, wani ɗalibi ɗan garinmu da ke karatu a Azhar ya ba mu shawarar mu hau jirgin ƙasa na dare zuwa Luksor, can kudu a bakin Kogin Nilu, mu ga kufan wurin bauta na zamanin Fir'aunoni da ake kira Karnak. Na tafi da niyyar buɗe ido kawai, amma abin da na gano a can halina ne.

Akwai wani zaure a Karnak mai ginshiƙai 134 na dutse, 12 na tsakiya sun kai kusan mita 21 a tsayi, kuma mutum biyar ba za su iya haɗa hannu su zagaye guda ɗaya ba. Rufin ya daɗe da zubewa, rana na dukan ƙasa kai tsaye. Da farko girman ne ya ɗauke mini hankali, sai mai zagayawa da mu ya nuna mana wani dogon zobe da aka sassaƙa a jikin dutse da zane-zane a cikinsa, ya ce sunan sarki ne. Daga nan idona ya buɗe, duk inda na waiwaya suna nake gani: a gindin ginshiƙi, a samansa, a bango, a kafaɗar gunki. Ramsis na biyu, wanda ya yi shekara 66 a kan mulki fiye da shekara 3,000 da suka shuɗe, bai bar fili ba, har a wasu wurare ya sa an goge sunan magabatansa an ɗora nasa. Can gaba akwai dogon dutse mai tsini, guda ɗaya tak ba haɗi, mai kusan mita 30, wanda sarauniya Hatshefsut ta sa aka fasa a Aswan aka kawo ta kogi. Bayan mutuwarta, ɗan kishiyarta Tutmos na uku ya sa aka bi sunanta da siffarta a wurare da yawa aka farfashe, kuma gurbin yana nan har yau, kamar tabon ƙuna. Ko Turawan da suka zo yawon duniya shekaru sama da 100 da suka wuce, wasunsu sun kankara nasu sunayen a jikin bangon, su ma suna so a san sun zo.

Kawu, wanda idonsa ɗaya ke rufe da auduga, ya shafa gurbin da hannunsa ya daɗe, sannan ya ce mini, "Ɗana, duk wannan wahala don a ce wane ne ya yi?" Ban iya ba shi amsa ba, domin ba Fir'auna na tuna ba a lokacin. Kaina na tuna.

A azumin da ya wuce an kafa gidauniyar sake rufin masallacin unguwarmu, na ba da buhun siminti 40 da bandir biyu na kwano. Ranar da aka karanta sunayen waɗanda suka taimaka ta lasifika, mai karantawa ya tsallake nawa, kuma na tabbata mantuwa ce. Wallahi a ranar ban iya shan ruwa cikin daɗin rai ba. Na koma gida ina huci, na faɗa wa iyalina cewa mutanen nan ba su san mutunci ba, kuma na yi kusan mako uku ina tsallake masallacin da ke ƙofar gidana zuwa wani mai nisa, ina ce wa kaina karatun limamin can ya fi daɗi. Ƙarya nake yi wa kaina. Simintin da na ce na bai wa Allah, ashe rasit nake jira daga bakin mutane, da ba a ba ni ba sai na yi fushi da ɗakin Allah.

'Yan'uwa, mu dubi kanmu da gaskiya, domin ba ni kaɗai ba ne. Mutum zai haƙa rijiyar burtsatse a ƙauye, amma kafin ruwa ya fito an riga an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a jikin tanki, har da sarautarsa. Wani zai raba buhun shinkafa ga zawarawa, sai ya jera su a rana, kowacce ta riƙe kayanta a ɗauke ta hoto, a watsa a Facebook kafin ta isa gida, ba a ma tambaye ta ko tana so 'ya'yanta su gan ta a haka ba. Wani ya biya wa mara lafiya kuɗin magani a asibiti, kafin la'asar duk dangi sun ji adadin. Mun kai ga idan muka yi wa maraya ɗinkin salla, sai mun tsaya kusa da shi an ɗauka. Me ya raba mu da mai sassaƙa sunansa a Karnak, ban da cewa shi dutse ya samu, mu kuwa waya muka samu? Ku ji tsoron Allah, ni ma ina tsoratar da kaina.

Ban ce bayyana sadaka haramun ba ne, Alƙur'ani da kansa ya yabi wadda aka bayyana, ya kuma ce ɓoyewar ta fi alheri, kuma sau da yawa ganin wani ya bayar yana zaburar da mai rowa. Ma'aunin da na gano a jikina shi ne ranar da aka manta da kai. Idan an tsallake sunanka zuciyarka ta tsaya daram, to ka gode wa Allah. Idan kuwa ta tafasa kamar yadda tawa ta yi, ka san wa ka yi wa aikin. Duk mun san hadisin mutum ukun da za a fara hura wuta da su, har da mai kyauta da za a ce masa ya bayar ne don a ce shi mai kyauta ne, kuma an riga an faɗa. Wannan kalma ta "an riga an faɗa" ita ce ta hana ni barci a jirgin dawowa.

Da yamma mun yi sallar magariba a masallacin Abul Hajjaj, wanda aka gina a cikin kufan ɗaya wurin bautar da ke tsakiyar Luksor, a kan ginshiƙan Ramsis ɗin nan. Wani dattijo yana jera wa mutane takalma a bakin ƙofa, bai ɗago ya dubi kowa ba. Sai na tuna da wanda ke cika butocin masallacinmu kafin asuba shekara da shekaru, wanda ni da nake fushi a kan sunana ban taɓa tambayar nasa ba.

Don Allah, wanda ya san ya yi wani aiki yana jiran a ambace shi, ya gyara niyyarsa tun yana numfashi. Don Allah, ku daina ɗaukar hoton mabuƙata. Ranar Asabar kwamitin masallacinmu zai zauna a kan sauran aikin daɓe da wutar lantarki, kuma na yi niyyar zuwa in nemi gafarar liman a kan ƙauracewar da na yi. Ina roƙonku ku sa ni a addu'a, Allah ya ba ni ikon bayar da abin da zan bayar ba tare da na kasa kunne ina jiran lasifika ba.