Kulocin Vespa: ga jabun kaya, ga kuma rashin kunya

Jiya da hantsi, a layin 'yan kayan babur, wani dattijo tsohon malamin makaranta ya turo Vespa PX 150 ɗinsa da hannu har ƙofar shagon da ya sayi faifan kuloci. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya kwance leda ya zazzage faifai uku a kan kanta. Ɓawon da ke manne a jikinsu ya ɓantare, wani wurin ƙarfe ne tsirara, man da ya biyo su cike da ɓurɓushi kamar dusa.

"Salamu alaikum. Samari, waɗannan a nan na saya, ko wata ba a yi ba. Kai ka ce mini na Italiya ne."

Yaron shagon bai amsa sallama ba. Idonsa na kan waya, yatsa na ta shafe-shafe. Sai da dattijon ya maimaita sannan ya ɗago, ya sa bayan hannu ya ture faifan gefe.

"Baba, kaya in ya fita shago ya fita."

"Ai ban ce ka mayar mini da kuɗi ba, ɗana. Ka ba ni mai kyau, in cika maka abin da ya hau."

"Mai kyau na wannan akwalar? Haba Baba, ka kai wa 'yan gwangwan ita su auna. Ka huta, mu ma mu huta."

Na shagon kusa suka tuntsire da dariya. Dattijon ya tattara faifansa ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin leda, ya ce, "Allah Ya shirya." Mutumin da ya haifi uban yaron nan! An ci kuɗinsa, an sa shi tura babur a rana, sannan an mai da shi abin dariya. Wallahi wannan zalunci ne, kuma duk mai Vespa ya san ba yau aka fara ba.

Abin da ke ƙara ƙona rai shi ne, sau da yawa ma ba faifai ne matsalar ba. Kulocin Vespa yana bayan tayar baya, a kan karanshaf (sandar da ke juyawa a cikin inji), ƙarƙashin murfi mai ɗauri uku, kuma a cikin mai yake aiki. A tsohuwar PX 150 faifai uku ne masu ɓawo, biyu na ƙarfe zalla a tsakaninsu, da sifirin shida. Vespa P200 kuwa sifirin bakwai gare ta. In kuloci yana sulluɓewa, wato ka murɗa totur inji ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba, musamman a giya ta uku da ta huɗu ko a hawa, da duba wayar kuloci ake farawa. Hannun kuloci yana buƙatar wasa na kamar milimita 2 kafin ya fara ja. In an ɗaure wayar tam, kulocin ba ya taɓa kamawa duka, kuma gyaransa juya notin saiti ne a ƙarƙashin inji, aikin minti biyar. Bayan waya sai mai: mai lambar kauri SAE 30 ake zubawa, mililita 250. Baƙin man mota na zamani mai sinadarin rage gogayya yana sa faifai santsi ko da sababbi ne. Sai an wuce waɗannan biyun ake zargin faifai ko sifirin da ya gaji. Amma bakanike nawa ne ke bin wannan tsari? Kana tsayawa, tun bai taɓa babur ɗin ba, zai ce maka, "Alhaji, kuloci ne gaba ɗaya, je ka sayo."

In kuma ƙin saki yake yi, ka matse ka sa giya ɗaya babur ya zabura ko ya riƙa rarrafe, furi (inda babur ba ya cikin giya) ta ƙi samuwa, to ko wayar ta yi sako-sako, ko ta fara tsinkewa a ciki. In waya lafiya, a buɗe murfi a duba ɗan guntun tagullar nan da ke danna kuloci, domin in ya cinye ko ka matse har ƙarshe ba zai tura yadda ya kamata ba. Faifan ƙarfe a kwantar da su a kan gilashi: wanda ya karkace zai yi rawa, wanda ya yi shuɗi ya ƙone, duk a jefar. Sai bakin kwandon kuloci, inda kunnuwan faifai ke zama. Shekaru suna yi masa tsaga-tsaga, faifai su riƙa maƙalewa a ciki; in tsagar ba ta yi zurfi ba a goge da magagari, in ta yi zurfi a canja kwandon.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, kuma kusan ba wanda ke yi: a sunsuna man da aka tsiyaye. In yana warin fetur, kuma salansa na fitar da farin hayaƙi fiye da ƙima, sil ɗin karanshaf na ɓangaren kuloci, wato robar da ke hana mai da fetur haɗuwa, ya mutu. Ko faifan zinariya ka saka, fetur zai lalata su, sai an raba inji an canja sil ɗin.

Wajen haɗawa kuma nan ake kashe babur. Sababbin faifai sai sun kwana cikin mai kafin a saka su. Notin tsakiya na tsofaffin PX mai haƙora ne, yana da sufanarsa ta musamman. Je ka ga yadda ake yi masa a bakin titi: guduma da cizal, dukan kawo wuƙa, a kan karanshaf da boris ɗinsa! A mayar da tsohuwar wosha mai kunne da aka riga aka lanƙwasa, a ɗaure noti da ƙiyasi maimakon a auna ƙarfin ɗaurin ya kai Nm 40 zuwa 45. Kwana kaɗan noti ya kwance, ɗan makullin ƙarfen nan mai siffar rabin wata ya karye, bakin karanshaf ya cinye. Aikin waya ya koma sayen karanshaf, mai babur kuma a ce masa ai tsufa ne.

Ba tsufa ba ne. Kamfanin Piaggio na Italiya, mai ƙera Vespa, ya fito da PX a 1977, kuma ga su nan har yau suna kai mutane kasuwa da masallaci. Kamfanin LML na Indiya ya ƙera irinta da lasisi, saboda haka kayan Indiya masu kyau suna nan kuma suna shiga daidai. Ba wanda ya ƙi na Indiya. A dai faɗa wa mutum gaskiyar abin da ke cikin kwali, a daina buga tambarin Italiya a kan faifan da gam ɗinsa ba ya jure zafin mai.

Kuma ta ina kayan nan suke shigowa? Ba daga sama suke faɗowa ba. Ta tashar jiragen ruwa da kan iyaka suke bi, kwantena-kwantena, a gaban jami'an da ake biya albashi don duba ingancin kaya. Tun da aka cire tallafin fetur aka saki naira a 2023, komai na babur ya ninka, ɗan fansho ba shi da halin sabon babur, dole ya lallaɓa wanda ya saya tun yana aiki. Makarantun koyon sana'a da ya kamata su fitar da makanikai masu karanta littafin inji an bar su da injuna masu tsatsa. Shugabannin kasuwa sun iya karɓar kuɗin haraji da na shara a kowane shago, amma ba su da teburin da wanda aka cuta zai kai ƙara. Mu kanmu jama'a, a ci mutuncin tsoho a gabanmu mu yi dariya. Kulocin da ya ƙi saki a tsakiyar shataletale rai yake ɗauka, kuma ranar da ya ɗauka ba mai shago za a tuhuma ba, ba jami'in da ya sa hannu kwantenar ta wuce ba.