Ciyaman Ya Tsere

Don Allah ku daina turo min bidiyon nan. Na gani, ni ne a ciki, zanin ma na gane shi, na matata ne. Amma tunda kowa ya ba da nasa labarin, har da waɗanda a daren suna Zariya, bari ni ma in faɗi nawa.

Autanmu dai kun san shi, yaron da tun yana firamare yake tara ƙadangaru a kwali. Ya girma, ya gama jami'a, haukan ma ya girma tare da shi. Yanzu mesa yake kiwo. Ba babbar nan mai haɗiye akuya ba, ƙaramar da in ta tsorata take dunƙulewa kamar gammo ta cusa kai a tsakiya. Ba ta da dafi, tsawonta mita ɗaya da 'yan kai, kuma 'yar yankinmu ce, daga Ghana da Togo da Benin ake kwasar irinta ana kai wa Turawa suna saye da dala. Nasa namiji ne, ya raɗa masa suna Ciyaman, wai don ba a ganinsa a ofis sai ranar rabo.

Takardar bautar ƙasa ta fito, sansani mako uku, Hajiya ta ce wallahi ba a gidanta ba. Sai ga shi a adaidaita sahu da akwatin gilas a ƙofar gidana a Gwammaja. Matata ta leƙo sau ɗaya ta ce ko ita ko shi. Aka yi sulhu a kan ɗakin zaure, inda nake ajiye babur da buhun gawayi.

"Yaya, ba wani aiki ba ne. Jiya ya ci ɓera, kar ka taɓa shi kwana biyu, in ba haka ba zai amayar. Ko bai ƙara ci ba har in dawo ba komai, suna yin watanni ba su ci ba, balle da sanyin nan. Kullum ka duba ruwansa. In an ɗauke wuta ka naɗe gorar ruwan zafi a tawul ka jingina ta gefe ɗaya. Sai kuma maganar tukunya..." Nan mai adaidaita ya danna hon, ni kuma wani ya kira ni daga kasuwar Kantin Kwari a kan kuɗin shadda. Na ce to, to, Allah ya kiyaye hanya.

A cikin akwatin akwai kaskon ruwa, da wani reshe, da tukunyar ƙasa a kife an fasa mata ƙofa a gefe, sai wani ɓawon itace a ɗaya kusurwar da na ɗauka ado ne. Ciyaman yana cikin tukunya. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru, kwana uku ko jelarsa ban gani ba.

To ku gaya min, ta yaya mutum zai san maciji yana da rai? Akuya in tana jin yunwa unguwa za ta sani. Kaza in ba ta da lafiya za ka ga ta sauke fukafukai. Shi wannan ba ya kuka, ba ya tari, ko ƙifta ido ba ya yi, don ba shi da fatar idon ma. Barcinsa da harararsa da mutuwarsa duk kama ɗaya ne. Ga shi amana ce. Na kwanta ina tunanin ranar da yaron nan zai dawo da kakinsa, in tarbe shi da ta'aziyya. Rana ta huɗu na saci muciyar matata, na zura na ɗaga tukunyar. Yana nan, ya zaro harshe sau biyu. Na ce alhamdu lillahi, na mayar.

Daga nan abin ya zame min jaraba. Da farko bayan kowace salla, sau biyar. Sai na ƙara da na walaha. Har na fara barin yaron shago a Kwari da azahar, in sha cunkoso in zo gida, in ɗaga tukunya, mu kalli juna, in koma. A mako na biyu na ga fatarsa ta dushe, idanunsa sun yi fari-fari kamar mai yana. Na ce shi ke nan, na makantar da shi da fitilar waya. Na kira yaron, waya a kashe, suna fareti. Sai na ninka dubawa. Akwai ranar da na ƙirga sau goma sha huɗu.

Daren Alhamis ne, wajen tara da rabi, an ɗauke wuta, hunturu yana kaɗawa. Na fito daga wanka, tawul ɗina kuwa yana can naɗe da gorar Ciyaman, saboda haka na jawo abin da hannuna ya samu a igiya na ɗaura. Atamfar ankon bikin ƙanwarta ce, ruwan hoda, mai manyan furanni. Na ce bari in leƙa sau ɗaya kafin in sa kaya.

Na zame murfi, na zura muciya, na ɗaga tukunya. Wayam. Sai wata doguwar farar fata kamar leda, har da gurbin idanu. Na san saɓa, tun ina yaro nake ganinta a gonar kakanmu. Amma a daren nan abin da ƙwaƙwalwata ta gaya min shi ne ya tuɓe riga ya fita. Na haska murfin na ga a buɗe, ban ko tuna ni na buɗe shi yanzun nan ba. Na ja da baya taku ɗaya, taku biyu, sai wani abu mai sanyi, mai laima, mai santsi ya naɗe min idon sawu.

Akwai ihun da namiji zai yi a ce ya yi ta maza. Nawa ba shi ba ne. Matata ta ce ta ɗauka guɗa ake yi a maƙwabta. Kuma abin da na ce shi ne "Wayyo Inna!" Shekarata arba'in da uku. Tun da ta sauke farali nake ce mata Hajiya, yau shekara ashirin, amma daren nan Inna ta dawo bakina ba sallama.

Na yi waje. Abin ya biyo ni. Ina gudu ina jin sa yana jan ƙasa a bayana, shaaa, in na ƙara wuta shi ma ya ƙara. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, to ni ko sarata ba a yi ba. Tsakanin ƙofata da teburin mai shayi taku talatin ne, ban san ƙafata ta taɓa ƙasa sau biyar ba. Majalisa a cike, mutum ya kai goma sha biyar, ana musun siyasa. Ban bi ta kan benci ba, kai tsaye na dira a kan teburin. Kun san yadda mai shayinmu yake gina burodi da gwangwanayen madara kamar benen Kwari? Duk ya rushe. Kiret ɗin ƙwai na ji shi a ƙarƙashin tafin ƙafata. Hannu ɗaya na riƙe da zani a ƙirji, ban san lokacin da na mayar da shi ɗaurin ƙirji ba, ɗaya hannun riƙe da muciya da waya, fitilar kuma fuskata take haskawa. Na buɗe baki na ce, "Jama'a, Ciyaman ya tsere!"

Aka yi tsit. Sai wani daga ƙarshen benci ya ce, "Da kuɗin?"

Wani ya ce, "Na jam'iyya ko na ƙaramar hukuma?" Wani dattijo ya buga cinya ya ce ai shi dama ya faɗa tun kafin zaɓe. Ina tsaye a kan ƙwai, cikin furanni, musu ya koma sabo, ba wanda ya ko tambaye ni dalilin zanin. Sai da na tattaro numfashi na ce maciji. Kafin in rufe baki majalisa ta watse, takalma kawai aka bari. Mai shayi kaɗai ya tsaya. Ya haska ƙafata da tocila, ya sunkuya, ya warware tiyon da nake wanke babur da shi, ya miƙo min da hannu biyu, ya ce, "Alhaji, ga abinka." Sannan ya fara ƙirga ƙwai.

Yanzu bari in zo kan maƙwabcina na hannun dama, ba sai na kama suna ba. Mutumin nan da daminar 2022 ya aiko a ba shi aron tsanina zai gyara indararo, na rabin yini. Na tambaya sau ɗaya ya ce yana wajen surukinsa. Na ƙara tambaya ya ce wane tsani. Na bar wa Allah. To a daren nan, unguwa ta cika, mata na leƙe ta kan katanga, yara da sanduna, sai ga shi ya fito da tsani a kafaɗa. Nawa. Har da ƙusar da na buga a mataki na uku. Ya shafa masa shuɗin fenti wai don ya ɓad da kama. Ya jingina a katangata, ya haye can sama, ya zauna, daga nan ya fara ba da umarni. Wai shi ya sha laƙanin maciji tun wajen kakansa, gamsheƙa ma in ta gan shi sunkuyar da kai take yi. A kawo kalanzir a yayyafa, a daka tafarnuwa, a ƙona tsohuwar taya a zaure. A zauren da gawayina da babur ɗina suke! Na ce masa, "Malam, tunda kana da laƙani ai sai ka sauko ka shiga." Ya ce laƙanin ba ya ci a gidan wani. Kuma har ya samu bakin ce min in yi hankali kar in jijjiga masa tsaninsa. Tsaninsa. Wallahi wannan kalmar ta fi bidiyon ƙona min rai.

Samari kuwa abin nema ya samu. Wani ya ce in duba durowar kuɗina, tunda a 2018 an ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a Makurdi. Wani ya ce a kira 'yan Gidan Zoo. A ƙarshe aka ɗauko wani gardi mai wasa da macizai a adaidaita, wajen sha ɗaya. Dubu goma ya ce, kuma a hannu kafin ya cire takalmi. Ya shiga, muna biye da shi daga nesa. Bai duba bayan buhu ba, bai duba ƙarƙashin babur ba. Ya leƙa akwatin, ya sa yatsa biyu ya ɗaga ɓawon itacen nan na ado. Ga Ciyaman a dunƙule, fata sabuwa fil tana sheƙi, ido tangaran.

Gardin ya dubi muciyar da ke hannuna ya ce, "Wa yake ɗaga masa tukunya?" Na ce ni ne, lokaci-lokaci. Matata daga bayan labule ta ce, "Sau goma sha huɗu." Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ko amarya ce ake yaye mata lulluɓi sau goma sha huɗu a rana ai ta canza ɗaki. Macijin rijiyar Kusugu ma da ya gagari Daura, ranar Juma'a kaɗai ake zuwa masa."

Ana cikin haka waya ta yi ƙara, autan ne, wani ɗan albarka ya riga ya tura masa bidiyon. Garin rawar hannu na danna lasifika, kowa ya ji. "Yaya, ai na gaya maka! Kullum ruwa da ɗumi da murfi kawai za ka duba, da ko ya yi kashi. Tukunya sau ɗaya a mako ta isa, sai in ka ji wari. Ɓuya ai ita ce lafiyarsa, a daji ma a ramin ɓera da suri yake wuni, da dare yake fitowa. In kana son ganinsa ka zauna shiru bayan isha ka kalla ta gilas. In ido ya yi fari saɓa zai yi, ba ya gani sosai, sai a ƙyale shi. Ɓawon nan kuma ɗakinsa ne na biyu, na gefen sanyi." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wannan ba zanin Anti ba ne?"

Ƙwai ashirin da uku na biya, da burodi shida, da sabuwar muciya, don ta ce wadda ta shiga ɗakin maciji ba za ta ƙara shiga tukunyarta ba. Gardin ya nemi saɓar ma, wai magani ce, na ce ya ɗauka. Sauran kwanakin ban ƙara taɓa tukunyar ba, sau biyu na gan shi da dare yana bin gilas a hankali kamar mai duba gini. A Kwari yanzu Ciyaman suke ce min, har masu dako.

Tsanin dai da aka watse na ga ya sa yaransa sun ɗauka sun shige da shi. Jiya na hango shi a jingine a bayan tankinsu. Na ce in an sauko daga masallaci ranar Juma'a zan yi masa magana, sai kuma ya riga ni fita.